Bututun Roba Ba Ya Son Rana

A ƙauyuka da yawa, bututun roba ne ke kawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa famfo. Yana da araha, kuma ba ya tsatsa. Amma rana tana lalata shi.

Idan aka bar bututu a fili, launinsa yakan koɗe. Daga baya sai ya bushe ya tsage. Ruwan da ya tsaya a ciki kuma sai ya yi zafi. Zafin nan yana sa magungunan da aka haɗa robar da su shiga cikin ruwa. A wasu bututun har da dalma.

Dalma guba ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma tana cutar da mata masu ciki. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a shekarar 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. Ba a ganin ta a ruwa. Tafasa ruwa ma ba ya fitar da ita.

To, mene ne abin yi? A binne bututu cikin ƙasa. Inda ya fito fili, a shafa masa farin fenti. Kada a ja ruwan sha da bututun wayar lantarki. Idan ruwa ya fito da ɗumi, a tara shi don wanki, har mai sanyi ya iso. Shi za a sha.

Rigakafi ya fi magani.