Unguwar Yahudawa a Idon Ɗan Cikinta

Da zarar rikicin Gabas ta Tsakiya ya yi zafi, sai wani tsohon saƙo ya sake tasowa a WhatsApp da Facebook: wai Yahudawa duk jinsi ɗaya ne, farar fata, masu kuɗi, bakinsu ɗaya. Abin haushin, har da 'yan boko a cikin masu turawa, ba tambaya ba bincike.

Yaro Bayahude da ya tashi a Borough Park, cikin Brooklyn ta birnin New York, wata duniya daban ya sani. A unguwarsu shaguna na rufewa tun faɗuwar ranar Juma'a sai daren Asabar, yana jin harshen Yiddish a kan titi, makarantun gwamnatin birnin ma suna hutu ranar ibadar Yahudawa ta Yom Kippur. A zatonsa ko'ina haka ne. Alhali Yahudawan duniya kaf kusan miliyan 15 ne, wajen mutum 2 cikin 1,000, a Amurka kuwa kashi 2 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Sau da yawa sai karatu ko aiki ya kai shi wata jiha yake gane cewa mutanensa 'yan tsiraru ne.

To amma shi bai taɓa ganin mutanensa a matsayin abu ɗaya ba. Ya san Ashkenazawa da suka fito daga Gabashin Turai, ya san Sefardawa da aka kora daga Sifen a 1492. Ya san a kewayen Ocean Parkway zuriyar Yahudawan Halab da Dimashƙa ne, girkinsu irin na Sham; a Queens kuma 'yan Bukhara ne daga Uzbekistan. Ya san 'yan ɗariƙar Satmar na Williamsburg ba su yarda da kafa ƙasar Isra'ila ba, kuma hujjarsu ta addini ce. Batun kuɗi fa? Garin Kiryas Joel, da kusan kowa Satmar ne, ya taɓa fitowa a ƙididdigar gwamnati cikin garuruwan da talauci ya fi yi wa katutu a Amurka. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 9 cikin 100 kacal na Yahudawan Amurka ne 'yan Orthodox masu tsananta bin dokokin addini, sama da kashi ɗaya bisa huɗu kuwa sun ce ba su da addini ma.

A Isra'ila ma haka. An kwaso Yahudawan Habasha, baƙar fata, ta Sudan a 1984, a 1991 kuma aka ɗebo sama da 14,000 daga Addis Ababa cikin kwana biyu. Tun 1959 Yahudawan Maroko suka yi bore a Wadi Salib ta Haifa kan wariyar da ake nuna musu. Ina baki ɗayan?

Shi ma ɗan unguwar yana da tasa makantar: yakan haɗa duk wanda ba nasu ba a kwando ɗaya, kuma rikicin unguwar Crown Heights na 1991 tsakanin Yahudawa da maƙwabtansu baƙaƙen fata ya nuna tsadar hakan.

Saboda haka wanda irin wannan saƙo ya shigo wayarsa, ya dakata ya tambaya: waɗanne Yahudawan, na wace ƙasa, na wace ɗariƙa? Mai sukar gwamnatin Isra'ila ya kira sunan gwamnatin da aikin da ta yi, domin akwai Yahudawa da ke zanga-zangar adawa da ita a titunan New York da Tel Aviv. Malamai masu wa'azi da masu shirye-shiryen rediyo su tantance alƙaluma kafin su faɗa, don masu sauraro ɗauka suke yi kamar yankan wuƙa. Shugabannin zaurukan WhatsApp su riƙa neman tushen saƙo, in babu su goge shi. Iyaye kuma su kula da abin da suke faɗa kan wasu al'ummu a gaban yara, musamman yaran da ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda addininsa ko harshensa ya bambanta da nasu ba.