Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya: Yadda za a inganta karatu da nasarar ɗalibai

A shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu. Malamai 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya, aka sallame su daga aiki. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin gwamnati da ƙungiyar malamai ta NUT kan adalcin jarrabawar, amma al'amarin ya mayar da hankalin jama'a ga wuraren da ake horar da malamai tun farko.

Ɗaya daga cikin manyan wuraren nan a jihar ita ce Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, kusa da Kafanchan, a Ƙaramar Hukumar Jama'a. An kafa ta a 1977, kuma babban aikinta shi ne yaye ɗalibai da takardar shaidar malanta ta NCE, wadda manufar ilimi ta ƙasa ta ɗauka a matsayin mafi ƙarancin shaidar da mutum zai riƙe kafin ya koyar. Saboda haka duk abin da ya gyaru ko ya ɓaci a ajujuwan Gidan Waya, bayan 'yan shekaru zai bayyana a firamaren Kagoro, Zonkwa, Kwoi ko Gwantu.

A hukumance, alhakin auna ingancin darussa yana wuyan Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wato NCCE, wadda aka kafa a 1989. Hukumar ce ke tsara mafi ƙarancin ƙa'idojin manhaja, ta kuma tura masana su duba kowane sashe: yawan malamai da matakin karatunsu, ɗakin karatu, ɗakunan gwaje-gwaje, da yadda ake shirya jarrabawa da duba ta. Wannan tantancewa tana da muhimmanci, sai dai tana zuwa ne bayan shekaru. Abin da ke faruwa tsakanin ziyara da ziyara ya rataya ne a kan sashen tabbatar da inganci na cikin kwalejin, wanda ya kamata ya riƙa bibiyar halartar aji, sakamakon kowane zango, da ra'ayin ɗalibai kan yadda ake koyar da su.

Nasarar ɗalibi kuwa tana farawa daga ƙofar shiga. Daga 2023 zuwa 2025, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi a taron hukumar JAMB domin shiga kwalejojin ilimi shi ne 100 cikin 400, ƙasa da na jami'o'i. Da yawa daga cikin masu zuwa kwaleji jami'a suka so, ba su samu ba. Ga kuma yawan harsunan yankin: wani ya tashi da Jju, wani da Tyap, wani da Hyam, wani da Hausa ko Fulatanci, alhali darasi da Ingilishi ake ba da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan aka gwada kowane sabon ɗalibi a karatu da rubutu da lissafi a makonnin farko, aka ware wa masu rauni darussan ƙarin haske, aka haɗa kowanne da malamin da zai riƙa ba shi shawara, za a rage masu tara kwasa-kwasan da suka faɗi har su yanke ƙauna.

Abu na biyu shi ne ɗalibi ya iya zama har ya kammala. Yawancin iyayen yankin manoma ne, kuma cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta nuna yadda damina guda ke iya katse karatun yaro. A watan Agustan wannan shekarar Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin makarantar kwalejin da rabi, daga naira 75,000 zuwa 37,500. A 2024 kuma aka sa hannu kan dokar asusun lamunin ɗalibai na NELFUND. Amfanin irin wannan dama bai cika ba sai kwaleji ta shigar da bayanan ɗalibanta a kan lokaci, ta kuma wayar musu da kai kan yadda ake nema.

Zaman lafiya ma yana cikin lissafi. Rikicin da ya ɓarke a Kudancin Kaduna a ƙarshen 2016 ya sa an rufe manyan makarantun yankin Kafanchan, har da wannan kwaleji, na tsawon watanni. Karatun shekara uku idan ya yi ta tsinkewa, wasu ɗalibai kan yi aure, wasu su kama sana'a, ba su sake dawowa.

Inda aka fi gane ingancin horon malami shi ne lokacin gwajin koyarwa, sa'ad da ake tura ɗalibi makarantar firamare ko ƙaramar sakandare ya riƙe aji. A nan ake ganin ko ya iya tsara darasi, ya sarrafa aji mai cunkoso, ya gane yaron da aka bari a baya. Matsalar da aka saba kuka da ita a kwalejojin ƙasar nan ita ce ƙarancin kuɗin zirga-zirgar masu sa ido, har ya zama an leƙa ɗalibi sau ɗaya an ba shi maki. Gyaran wannan bai kai tsadar gina sabon zaure ba: a ware kuɗin sa ido tun farkon shekara, a zaɓi ƙwararrun malamai a makarantun da ke karɓar ɗalibai su zama jagorori, a kuma yawaita atisayen koyarwa a gaban 'yan'uwa ɗalibai kafin a fita.

Ta fuskar kayan aiki, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tallafa wa kwalejojin jihohi da gine-gine, littattafai da ƙaro karatun malamai. Abin lura shi ne a daidaita tsakanin gini da horar da mutanen da za su yi aiki a cikinsa.

Akwai ma'auni mai sauƙi da kwaleji za ta iya wallafawa kowace shekara: ɗalibai nawa suka shiga, nawa suka kammala cikin shekara uku, nawa suka ci jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai ta TRCN, kuma me shugabannin makarantun da suka ɗauke su aiki ke cewa a kansu. Da waɗannan alƙaluma iyaye, gwamnati da majalisar dokokin jiha za su san inda ya kamata a zuba kuɗi.

Yanzu yankin yana da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan da sabuwar jami'ar tarayya a Kachia, don haka matasa sun samu zaɓi. Abin da zai ci gaba da jawo haziƙai zuwa Gidan Waya shi ne shaidar da za a riƙa bayarwa cewa malamin da ta yaye yana shiga aji, yara kuma su fita sun iya karatu.