Lauyan banki da takardar gidanka

A Roni da ƙauyukanta jinginar gona ba baƙon abu ba ce. Mutum ya matsu da kuɗin taki ko hidimar aure, sai ya nemi mai hali, a kira mai unguwa da shaidu, a miƙa kuɗi, mai kuɗin ya riƙa noma gonar har ranar da za a fanshe ta. In rigima ta taso, alƙali ya tambayi wa ya gani, wa ya ji.

Jinginar banki ba haka take ba. Can takarda ce shaida, kuma akwai lauyoyin da suka tsufa a kan wannan aiki: kare bankunan da ke ba da rancen gida. Shari'a ce ta haƙƙi da diyya, babu ruwan ɗan sanda a ciki.

Jama'a na yi wa irin wannan lauya kallon karen farautar masu kuɗi. A ganina an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Yawancin aikinsa a kan tebur yake, yana bin fayil shafi-shafi: an sa hannu a nan? An buga hatimi? Wa ya amince?

Wannan tambaya ta ƙarshe ta taɓa kayar da banki guda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya hana jinginar da filin da ke da takardar gwamnati sai da yardarsa. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar wani gida a Legas saboda ba a nemi yardar gwamna ba, alhali an karɓi kuɗin bankin. Tun daga nan lauyan banki ba ya wasa da wannan sa hannu. Filin karkara irin na gado kuwa, ƙaramar hukuma ce ke da ta cewa a kansa.

Abin ya shafe mu kai tsaye. Malamin makaranta a Roni ko ma'aikacin asibiti a Kazaure da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ranar da ya nemi rancen gina gida, takardar da za a ajiye masa lauyan mai ba da bashi ne ya rubuta ta, don kare wanda ya ɗauke shi aiki. Haka sana'ar take, ba mugunta ba ce.

Don haka kafin ka dangwala hannu, kai wa lauyanka takardar ya karanta maka da Hausa, musamman wurin da ya ba banki ikon sayar da gidan idan biya ya gagara, sannan ka karɓi kwafinka ka adana.