Saƙo Daga Taurari Ko Hayaniyar Gida?

Lokaci zuwa lokaci labari kan ratsa wayoyin mutane daga Kakuri zuwa Barnawa da Sabon Tasha, wai masana sun kama saƙo daga sararin samaniya, wasu halittu na neman magana da mu. Wasu su gaskata nan take, wasu su ce tatsuniyar Turawa ce. Duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Binciken yana nan, ana yin sa da manyan na'urori tun 1960, kuma har yau ba a tabbatar da sigina ko ɗaya daga wata halitta mai hankali ba. Idan masana suka ce ba su gano tushen wata sigina ba, ma'anarsa aiki bai ƙare ba, kuma kusan duk lokacin da aikin ya ƙare, amsar kan zama ko dai wani sabon abu a halittar taurari, ko kuma hayaniyar na'urorinmu na nan duniya.

Taurari ba haske kaɗai suke fitarwa ba, suna fitar da igiyoyin rediyo, dangin waɗanda ke kawo shirye-shiryen Rediyon Kaduna cikin akwatin rediyo. Wani injiniya a Amurka, Karl Jansky, shi ya bayyana haka a 1933, yana neman dalilin ƙarar da ke damun layin tarho, sai ya ga tana fitowa daga tsakiyar gungun taurarin da ranarmu ke ciki. Daga nan aka fara gina manyan farantai masu tara waɗannan raunanan igiyoyi. A 1960 Frank Drake ya juya irin wannan faranti a Green Bank zuwa taurari biyu na kusa, yana sauraron alamar fasaha. Hujjarsa mai sauƙi ce: abin da tauraro ya fitar yakan bazu a faffaɗan zango, amma na'urar da aka ƙera takan matse saƙonta a siririyar mita guda, kamar yadda kowace tashar rediyo take da mitarta. Siririyar sigina daga wuri guda a sama ita ake farauta.

Tarihin sauraron taurari yana da hannun ɗan Najeriya. A 1965 Samuel Okoye, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, shi da malaminsa Antony Hewish a Kambirij suka ba da rahoton wani ƙaramin tushen rediyo mai ƙarfin gaske a cikin ɓurɓushin tauraron da masanan Sin suka ga fashewarsa a 1054. Ba su san ko mene ne ba, kuma ba su ƙirƙiri amsa ba. A 1967 wata ɗalibar Hewish, Jocelyn Bell, ta ga sigina mai bugawa duk bayan daƙiƙa 1.33, ba kuskure, har suka yi mata laƙabin raha na ƙananan korayen mutane. Da aka samu irinta a wani ɓangaren sama, zancen baƙi daga wata duniya ya mutu. Gawar tauraro ce, dunƙulalliya, mai juyawa da sauri tana watsa igiyoyi. A 1968 aka gano irin wannan tauraro a daidai inda Okoye ya nuna, yana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa.

Wani lokacin kuma ɓarawon a cikin gida yake. Masanan farantin Parkes na Ostareliya sun shafe shekaru suna ganin wasu gajerun sigina masu ruɗarwa, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abincin ma'aikata ce, idan an buɗe ta kafin ta tsaya. A 2020 aka yi ta yayata wata siririyar sigina da aka ɗauka daga wajen Proxima Centauri take, tauraro mafi kusa da rana, amma a 2021 masu binciken da kansu suka nuna daga na'urorin ɗan'adam ta fito. Su ma fashe-fashen rediyo masu ɗaukar ƙasa da ƙiftawar ido, waɗanda aka fara ganowa a 2007, sun fara samun bayani a Afrilun 2020, lokacin da aka kama irinsu daga wata gawar tauraro mai tsananin maganaɗisu. Siginar da ta fi shahara cikin waɗanda ba a warware ba ita ce ta 15 ga Agusta 1977 a Ohio, wadda ta ɗauki daƙiƙa 72 kusa da mitar iskar haidurojin. An sha komawa wurin, ba ta sake fitowa ba, kuma abin da bai maimaita kansa ba ba a iya auna shi, balle a kafa hukunci a kansa.

Mai suka zai ce shekara sittin da ɗoriya ana kasa kunne ba a ji komai ba, ashe ba kowa ke nan. Wannan hukunci ya fi ƙarfin hujjarsa. Gungun taurarinmu kaɗai ya haura taurari biliyan 100, mitocin da za a saurara ba su ƙidayuwa, kuma dole a dace da lokacin da saƙon yake wucewa. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, duk da haka sai ya yi fiye da shekara huɗu kafin ya iso daga Proxima Centauri. Wanda ya ɗebi ƙwarya ɗaya a Kogin Kaduna bai ga kada ba, bai isa ya ce babu kada a kogin ba, kamar yadda bai isa ya rantse akwai ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ƙasar da masaƙun Kakuri suka rufe, matasa ke neman aiki, ina ruwanta da sauraron taurari? Farautar baƙin kanta yawanci kuɗin masu hannu da shuni ne, kamar dala miliyan 100 da Yuri Milner ya ware a 2015. Abin da ƙasa ke samu daga ilimin taurari na rediyo shi ne injiniyoyi masu iya tace raunanniyar sigina da sarrafa ɗimbin bayanai a kwamfuta, kuma wani ɓangare na fasahar Wi-Fi daga hannun irin waɗannan masana na Ostareliya ya fito. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai farantai 64 a 2018. Ghana ba ta jira kuɗi masu yawa ba, ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na binciken taurari a 2017. Mu ma NITEL ta yi amfani da tashoshin tauraron ɗan'adam a Lanlate da Kujama, nan kan hanyar Kachia, kuma hukumar NASRDA tana da cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka. Ya dace hukumar da jami'o'in Kaduna da Zariya su nazarci abin da Ghana ta yi.

Kafin wannan, akwai ribar da kowa zai ɗauka kyauta. Duk sanda labarin saƙon baƙi ya iso, a tambaya: siginar ta sake dawowa? Wani faranti a wata ƙasa ya kama ta? Ta ɓace da aka kawar da farantin daga tauraron, ko tana nan, alamar daga ƙasa take? Masana ba sa amincewa sai an amsa waɗannan, ko da su ne za su yi suna idan labarin ya tabbata. Garin da ya san abin da jita-jita ke jawowa yana da buƙatar wannan ɗabi'a fiye da kowa, a labarin sama da na unguwa baki ɗaya.