Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa littattafan ƙagaggun labarai na farko a rubutun boko na Hausa, gasa ce ta haife su? A 1933, Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labari. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo.

A shekarun nan ne kuma aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa. In kun bi ta Ƙofar Ɗan Agundi, ku dubi sunan da kyau: Ƙ da Ɗ ɗin nan jikokin wancan aiki ne.

Irin wannan aiki na tsara haruffa ya faru a Tuva ma, can kudancin Sibiriya. Gwamnatin kwaminisanci ta ba harshensu haruffan Latin a 1930, ta maye gurbinsu da na Rasha a farkon shekarun 1940. Shugabansu, Salchak Toka, shi ma marubuci ne, har ya ci Lambar Stalin a 1951.

Mu dai, duk da zuwan boko, ajaminmu bai mutu ba.