Karatu da Fahimta: Darasi Daga Zaure

Ba duk mai iya haɗa baƙi da wasali ne makaranci ba. Sau da yawa ɗalibi yakan ƙare shafi ɗungurungum, amma in aka ce ya faɗi abin da ke ciki sai ya yi zuru, ranar jarrabawa kuwa ya ɗora wa malami laifi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna hanyoyi huɗu na magance matsalar.

Hanya ta farko ita ce lura da muhallin kalma. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka "fari" tana iya nufin launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona. Jimla ce kaɗai za ta raba gardama, don haka kada a yanke hukunci sai an kai aya.

Ta biyu, sanin bambancin karin harshe. Wanda ya tashi a Mandera ko Boɗinga ko Shagari yakan ce "yat tahi", alhali littafi "ya tafi" zai rubuta. Haka nan "ɗiya" a Sakkwatanci takan ɗauki ma'anar 'ya'ya, a daidaitacciyar Hausa kuwa 'ya mace ce.

Ta uku, tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Kalmar da ta shige duhu a nemo ta a ƙamusun Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Ta huɗu, wadda ta fi su duka, gado ce gare mu. A ƙasar nan ta Boɗinga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, Shehu Usmanu kuma ya karantar a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Tsarin makarantun zaure shi ne almajiri ya ja baƙi kaɗan, malami ya fassara, sa'an nan almajiri ya koma ya yi bita kafin a ƙara masa. Mu ma sai mu karanta sakin layi guda, mu rufe littafi, mu maimaita ma'anarsa da bakinmu. In ta ƙi fitowa, to, ba mu fahimta ba, sai a sake.

Shafi biyar da aka fahimta sun fi hamsin da ido ya ratsa kawai. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.