Ƙungiyar matasan masallaci: a ba hannu aiki domin ilimi ya zauna



Wata safiya da damina aka yi rasuwa a unguwarmu. Dattijon da ya saba yi wa mamata wanka ya yi tafiya, abokin aikinsa kuma yana kwance ba lafiya. A ƙofar gidan akwai samari da yawa na ƙungiyar matasan masallacinmu, wasu sun sauke Alƙur'ani, wasu a gabanmu suka karanta babin jana'iza a Risala. Muka tambayi wanda zai shiga, kowa ya sunkuyar da kai. Dole muka tattare hannun riga, muka jawo biyu daga cikinsu suka kama mana. Da muka dawo daga maƙabarta ba su muka zarga ba, kanmu muka zarga. Shekara da shekaru muna zaunar da su suna saurare, ba mu taɓa miƙa musu buta da ƙyalle mun ce su gwada ba.

Manzon Allah (SAW) bai tsaya ga faɗa da baki ba wajen koyarwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahal ɗan Sa'ad cewa ya yi salla a kan mumbari domin mutane su gani su koya. Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito cewa ya wuce wani yaro yana fiɗar akuya bai iya ba, sai ya sa ya matsa, ya cusa hannunsa mai daraja tsakanin fata da nama ya nuna masa yadda ake yi. Sayyidina Usman (RA) kuwa ruwa ya nema ya yi alwala a gaban jama'a lokacin da ya so ya koyar da ita. Wannan ce hanyar da muka gada, mu ne muka taƙaita ta a kan lasifika.

Ƙungiyoyin matasa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi a Legas a 1954, Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, Izala a Jos a 1978, ga kuma Fityanul Islam. Kowa ya san 'yan agaji a filin Idi da wuraren tafsiri da sansanin alhazai, kuma kowa ya shaida hidimarsu. Maganarmu a yau a kan ƙaramar ƙungiyar unguwa ce, wadda ke taruwa a zauren masallaci ranar Asabar ko Lahadi. Bayan waccan rasuwa muka raba lokacin zamanmu gida biyu, rabi karatu rabi aiki. Ga kaɗan daga abin da muka gwada, kuma babu wanda ya fi ƙarfin aljihun talaka.

Da jana'izar muka fara. Aka cika buhu da tsummoki aka yi masa siffar mutum, kowane yaro ya gwada da hannunsa: rufe al'aura, fara wanka da dama, yawan wanka ya zama mara, ganyen magarya, kafur a na ƙarshe, yankan likkafani da naɗe shi, da kwantar da mamaci a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. 'Yan mata suka yi nasu a cikin gida a hannun malamai mata, domin wankan mace sai mace, kuma ƙarancin masu yi ya fi tsanani a wajensu.

Na biyu shi ne gano alƙibla da sanda. Mun saba cewa gabas, alhali daga Kano alƙibla ta karkata daga tsakiyar gabas zuwa arewa da kimanin digiri 22. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27 na safe, agogon Najeriya da Nijar. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba. Yaran suka kafa sanda a miƙe a fili mai daidai, suka ja layi a kan inuwarta. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar ya dubi sandar, alƙibla yake kallo. Na Mayu ya fi sauƙi, domin a Yuli hadari kan rufe rana. A wannan aiki ɗaya sun taɓa fiƙihu da lissafi da ilimin taurari, suka kuma koma gida suka gyara shimfiɗar sallar iyayensu mata.

Na uku rabon gado da tsakuwa. Muka ajiye tsakuwa 24 muka ce wannan ce dukiyar mutumin da ya rasu ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji. Yaro ya ƙirga 3 ya ba matar, tumuni ke nan, ya ba uwa 4 da uba 4, sudusi sudusi, 13 da suka rage na ɗan ne. Wanda ya daɗe yana jin tumuni da sudusi kamar tatsuniya, ranar nan ya gan su a tafin hannunsa. Haka kafin Ƙaramar Salla suka auna mudun Annabi huɗu na hatsi, suka ga girman sa'in zakkar fidda kai da idonsu.

Na huɗu agajin gaggawa, wanda muka roƙi wani ma'aikacin lafiya ɗan unguwa ya koyar. Sun koyi danne rauni da tsaftataccen ƙyalle har jini ya tsaya, da haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kafin a kai ga asibiti. A nan muka ba su tarihin Rufaida 'yar ƙabilar Aslam, wadda ke jinyar masu rauni a hemarta a masallacin Madina, inda aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Na biyar ruwan alwala. Da can yana malala ya kwanta a bakin masallaci ya tara sauro. Yaran suka haƙa masa hanya zuwa ramukan da suka dasa zogale da darbejiya, aka ba kowane rukuni bishiyarsa. Duk wadda akuya ta cinye, an san wanda za a tambaya.

Wasu iyaye sun ce mana wannan zai ci lokacin karatun jarrabawa. Damuwarsu tana kan hanya, shi ya sa muka taƙaita aikin ga awa biyu a mako. Mun kuma yi kurakurai da muke fatan wasu su guje musu. Mun taɓa barin manyan samari suna yin komai ƙanana suna kallo, wato mun sake komawa gidan jiya. Mun taɓa karɓar gudummawa ba a rubuta ba, zargi ya shigo, sai da muka ɗora wa yaran kansu riƙe littafin kuɗi suna karanta shi a gaban jama'a. Mun kuma koyi cewa aikin lantarki da wuƙa ba a barin yaro da su sai gwani yana tsaye a kansa, kuma kada ƙungiya ta zama wurin da masu hali ke samun leburori kyauta, ko 'yan siyasa su samu masu yi musu rakiya.

Ya ku iyaye da malamai, kowace unguwa tana da kafinta da tela da mai gyaran lantarki da ungozoma waɗanda ke salla a sahu ɗaya da mu ko suke zaune a gidajenmu. Ku roƙe su awa biyu. Ku kuma ɗalibai, idan an karanta muku babi, ku tambayi malam cikin ladabi ranar da za a gwada shi. Dattawan da ke ɗauke da waɗannan ayyuka suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma wankan gawa farilla ce ta kifaya: idan aka rasa mai yi, laifin yana kan unguwa gaba ɗaya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa mu cika da imani.